Me za mu kira "psychologue" na ƴan sanda da Hausa?

Mai fassara, Yamai:
Assalamu alaikum malamai. Tun da kundin sake fasalin ƙasar Nijar na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, allunan ƙofa da takardun ofis za su nemi sunayen Hausa. Ga wanda nake neman taimakonku a kansa: psychologue da ke aiki a sashen lafiyar ƴan sanda. Gidajen rediyo suna cewa "masanin halayyar ɗan Adam". Ya yi wa allon ƙofa tsawo, kuma mai jin sa zai ɗauka malamin jami'a ne, ba wanda za a kai wa damuwa ba. Wasu sun ce a sa "likitan ƙwaƙwalwa" a huta.

Likitan ma'aikata, Yamai:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a raɗa suna a fara raba aiki, don mutum biyar ne a sashe ɗaya, ɗan sanda kuwa kallon mutum guda yake musu. Likitan ma'aikata shi ke yanke ko jami'i ya iya aiki, ko ya huta kwana nawa, ko a ajiye masa bindiga na wani lokaci. Takardarsa tana zuwa wajen shugabanni, amma hukuncin kaɗai ya kamata ta ɗauka: ya iya, bai iya ba, ko ya iya da sharaɗi. Sunan ciwo ba ya hawa kanta. Psychiatre cikakken likita ne, yana rubuta magani yana kwantarwa a asibiti. Psychologue ba makarantar likita ya yi ba, ba ya rubuta magani, aikinsa zama ne na minti 45 zuwa 60 da saurare da gwaji ta hanyar tambayoyi. Sai ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai bin batun albashi da bashi da haƙƙin iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Na biyar ɗan sanda ne ɗan'uwansu da aka horar don ya lura da abokan aikinsa. In aka ba biyu daga cikinsu suna ɗaya, jami'i zai zaci duk abin da ya faɗa a ɗaki zai isa teburin shugabansa, daga nan kuma ba mai zuwa.

Majo (babban ma'aikacin jinya), Tawa:
Likita ya faɗi gaskiya. "Likitan ƙwaƙwalwa" a bar wa psychiatre, shi ma da kyar, don kafin sunan ya kai bakin titi ya zama "likitan mahaukata". A Yamai a ce an kai wane Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, an gama magana. Mai ɗaukar bindiga ba ya kusantar ƙofar da ke warin hauka, yana tsoron a karɓe makaminsa, ƙarin girma ya wuce shi, ƴan'uwa su riƙa nuna shi da baki. Duk sunan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa ko taɓin hankali ya faɗi tun kafin a rubuta shi.

A saurari abin da su kansu suke faɗa. Ba wanda ke cewa hankalinsa ya taɓu. Cewa suke "ba na barci", "raina ɓaci yake ba dalili", "gawar nan tana yi mini gizo", sai babbar cikinsu, "tunani ya yi mini yawa". Da dama ma ta jiki suke shigowa: ciwon kai, bugun zuciya, kasala. A yi gwajin zazzaɓin sauro ba a ga komi ba, a auna jini lafiya lau, mutum ya tafi ya dawo bayan sati biyu da kuka iri ɗaya. Tunda tunani ba abin kunya ba ne a bakin kowa, na ce a sa "likitan tunani".

Masaniyar fannin, Yamai:
Majo, tunani ya zauna daram, amma ina roƙo a cire likita. Wanda ya shiga wajen likita takardar magani yake jira. In ya fito hannu wofi sai ya ce ba a yi masa komi ba, ya bi ta wajen mai tebur ya sayi diazepam ko tramol. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2013 ta ce kada a ba da magungunan dangin diazepam don razanar watan farko, saboda ba su hana ciwon kafuwa, ga su da saurin kama jiki. "Mai ba da shawara" ma bai yi ba, shawara kowa na bayarwa, kuma aikin ya fi ƙarfin "yi haƙuri, ka manta". "Malamin tunani" zai sa a zo neman rubutun sha. Abin da ya rage shi ne "masanin tunani", mace "masaniyar tunani".

Ga aikin da sunan zai ɗauka. Bayan harbe-harbe, ko kwashe gawarwakin hatsarin mota, ko mutuwar abokin sintiri, ranar farko ba ranar tono ba ce. A ba mutum ruwa da abinci, ya kira gida, ya yi barci, kada a tura shi gida shi kaɗai da makami yana rawar jiki. Littafin taimakon farko na hukumar, na 2011, matakai uku ya kawo: duba, saurara, haɗa mutum da abin da yake bukata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara rukuni duka a zama ɗaya a tilasta wa kowa ya bayyana abin da ya gani dalla-dalla. Hukumar ba ta yarda da wannan ba, don wanda jikinsa ke ƙoƙarin lafawa an sake tayar masa, wanda bai ga wani abin ba kuma an zuba masa a kai. Bayan kamar kwana uku sai a zauna da mutum shi kaɗai: barci nawa yake samu, yana zabura in ƙofa ta buga, yana kauce wa hanyar da abin ya faru, ya ƙara shan wani abu? A sake dubawa bayan wata ɗaya. Mafi yawa suna warwarewa da kansu a cikin makonnin nan. Wanda bai warware ba shi ke shiga jinya ta zama, galibi 8 zuwa 12, sau ɗaya a sati.

Tsohon jami'i, Tawa:
Hajiya, Allah shi saka. Na biyar ɗin nan da Likita ya ambata shi ya fi damuna, don shi ke ganin mutum tun bai kai ƙofarku ba. Na ji ana cewa "abokin sirri". Kada a kuskura. A komisariya sirri yana nufin mai kai rahoto, wanda aka liƙa wa sunan nan kowa zai kama bakinsa in ya shigo. A ce "aminin aiki", amana ce tushensa. Sai dai a kiyaye sharuɗɗa: ya kasance muƙaminsu ɗaya ko kusa, kada ya zama shugaban da ke ba mutum maki, kuma ya zama da son ransa. Tun zaman farko ya faɗi iyakar amanar a fili, cewa in ya ga alamar mutum zai halaka kansa ko wani, zai sanar da likita a ranar. In an ɓoye wannan sharaɗi sai ranar da ya taso, za a ce an ci amana, aikin shekaru ya rushe. Wasu ƙasashe sun daɗe a kai. Ƴan sandan Faransa sun kafa sashensu na masanan tunani a 1996, a Ingila kuma tsarin duba ɗan'uwa bayan kwana uku da bayan wata ɗaya daga sojojin ruwa ya fito kafin ƴan sanda su ɗauka.

Mai fassara, Yamai:
Yallabai, aminin aiki ya shiga. Abu ɗaya ya tsaya mini: masanin tunani ba zai yi kama da mai falsafa ba? Sannan ciwon da ke bin bayan tashin hankali, me za a ce masa?

Majo, Tawa:
Ba mai neman falsafa a sashen lafiya, Malam. Ni dai ban janye ba gaba ɗaya. Jama'armu duk mai farar riga likita suke ce masa, baki zai koma "likitan tunani" ko "sikolog" ko an so ko an ƙi. Amma a takarda na yarda da Hajiya.

Masaniyar fannin, Yamai:
Baki ya faɗi abin da ya ga dama, Majo, muddin allo da takarda ba su yi alkawarin magani ba. Batun ciwon, a raba shi biyu. Na kwanakin farko a ce "razana" kawai, kada a sa masa ciwo, don lafiyayyen mutum ma haka jikinsa ke amsa abin tsoro. In ya haura wata ɗaya, gizo da mugun mafarki da zabura da gudun wurin suna nan, har sun taɓa aiki ko zaman gida, sai a ce "ciwon razana". Wanda ya ce iska ce ta buge shi kada a yi gardama da shi, ya ci gaba da addu'arsa da zuwa wajen liman, zaman ma ya ci gaba.

Allon kuma ya zama "Masanin tunani", a ƙasa a rubuta ranaku da lokutan ganawa, da layi ɗaya: "Ba sai da izinin shugaba ba." Ɗakin ya kasance cikin sashen lafiya, layi ɗaya da masu zuwa awon jini da wankin ciwo, nesa da ofishin shugaba da teburin mai gadi. Fayil ɗin masanin ya zauna a akwatinsa mai makulli, dabam da fayil ɗin aiki. Malam, sunan ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ma ya yi tsawo, shi ya kamata mu ɗauka na gaba.