Sanƙarau ya tafi da jin ɗiyata: ina zan nufa da ita?

Uban Ɗiya, Talatar Mafara:

Assalamu alaikum. Ɗiyata tana da shekara shida, kuma bara waccan da bazara sanƙarau ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma tun daga nan ko ƙofa aka buga a bayanta ba ta waiwayowa. Da farko tana magana yadda ta saba, sai dai a 'yan watannin nan kalmominta sun fara tauyewa, yaran unguwa kuma sun laƙaba mata bebiya. Malamin allonsu ya ce mu riƙe ta a gida tunda ba ta jin biyawa, kakarta kuwa ta dage cewa iska ce ta shafe ta, har an sha rubutu an yi hayaƙi. Abin da ya fi hana ni barci shi ne dare, domin idan aka ji harbi gari ya watse, ita ba za ta ji ba. Shin akwai maganin da zai dawo da jin, kuma in babu, ina ake nufa da irin waɗannan yara?

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara mata lafiya. A lallashi Hajiya kaka, domin rashin ji yana daga cikin tabon da sanƙarau ya fi bari, kuma mun ga haka sosai bayan annobar 2017 wadda ta fi tsanani a nan Zamfara. Ciwon yakan lalata can cikin kunne inda sauti ke shiga jijiya, shi ya sa maganin ɗigawa ko wankin kunne ba ya taɓa shi. Ku kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada yawan jin da ya rage. Ana iya farawa daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, in ya so a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kada ku sayi na'urar ƙara ji a kasuwa kafin gwaji, saboda ƙara sauti kawai take yi, kuma idan babu sauran ji to kuɗin sun tafi a banza. Ku kuma kai ƙannenta rigakafi. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau.

Tela, Birnin Kebbi:

Yayana, ni kurma ne, kuma sanƙarau na 1996 ne ya tafi da jina ina ɗan shekara tara, don haka wanda ya bi hanyar ne yake rubuto maka. Ka bi shawarar 'yar'uwarmu ka je gwaji, amma kada ku shekara uku kuna yawon neman magani yarinya tana zaune ba mai yi mata hira. Haka aka yi mini. Rashin jin bai taɓa yi mini ciwo kamar yadda ake zama cin tuwo ana dariya ba, in tambaya a ce mini ba komai.

Ɗiyarka ta riga ta san Hausa kafin ciwon, kuma wannan dukiya ce da za ta zube idan aka daina yi mata magana. Ku riƙa tsayawa a gabanta inda haske yake kan fuskarku, ku yi magana a tsanake ba da ihu ba, ku haɗa da hannu, sannan a fara koya mata rubutu yanzu. Ka nemi manyan kurame na garinku. Da wuya a rasa inda suke taruwa da yamma ko ranar kasuwa. Maganar hannu da muke yi harshe ne cikakke, ana ciniki da shi, ana neman aure, ana ma gulma. Ka sani kuma iri biyu ce: akwai tamu ta gargajiya wadda kurame suka gada a ƙasar Hausa, akwai ta makaranta wadda asalinta daga Amurka ne, tun lokacin da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Wasu 'yan bokonmu suna raina ta gargajiya, ni kuwa da ita nake magana da mahaifiyata, don haka ta koyi duka biyun. Batun dare kuma, ta riƙa kwana jikin babba, ku sa mata alama guda, kamar girgiza kafaɗa sau biyu, wadda ma'anarta ita ce tashi ki bi ni, kuma maƙwabta su san da ita.

Malamin Firamare, Argungu:

Na yarda da Malam Tela, sai dai ina so in ƙara batun haƙƙi, domin mun saba ɗaukar lamarin kurame a matsayin na sadaka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi ilimi gare su da aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma da aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, kurma ne, James Lalu, ya fara riƙe muƙamin babban sakatarenta. Amma doka ba ta aiki da kanta, sai iyaye sun haɗa kai. Idan kuka tara iyaye goma kuka je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da sunayen yaranku a rubuce, kuna neman aji ɗaya da malamin da ya iya maganar hannu, za a fi sauraronku fiye da uba guda, musamman idan kun tafi da wakilan ƙungiyar kurame ta ƙasa reshen jiharku. Na fi son haka a kan tura 'yar shekara shida makarantar kwana a wannan yanayi, ko da yake na san da yawa daga cikin kurame a can suka samu harshe da abokai. Malamin allon kuma a koma masa cikin ladabi, domin allo da ido ake karanta shi, kuma tana iya koyon baƙi da wasali ta hanyar rubutu.

Uban Ɗiya, Talatar Mafara:

Allah ya saka muku da alheri. Malam Tela, maganar cin tuwon nan ta taɓa ni, domin haka muke yi mata ba mu sani ba. Akwai wani kurma mai wankin hula a bakin kasuwarmu wanda nake wucewa kullum ban taɓa tsayawa ba. Ranar Talata zan je wurinsa da ita da mahaifiyarta, Gusau kuma sai an yi albashi. Na ƙirga yara uku masu irin lalurarta a unguwarmu kaɗai, Malamin Firamare, don haka ka rubuto mana yadda ake tsara takardar da za mu kai wa sakataren ilimi.