Kakata ba ta ƙirga shekaru, ta yaya zan rubuta tarihin gidanmu?

Jikar Mai Kuza:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan duk Asabar ina unguwar Gangare a Jos, in ajiye waya a kan tabarma in naɗi hirar kakata. So nake in rubuta yadda haƙar kuza ta kawo gidanmu Jos daga ƙasar Kano.

To, Hajiya ba ta san wata 19-kaza ba. Yaushe aka yi miki aure? "Damina biyu bayan zuwan Sarauniya." Haihuwar Baffa? "Shekarar da motoci suka koma dama." Sunan mijinta ma ba ta kamawa, sai "Malam", ɗan farinta kuwa "wancan yaron", mutumin da ya yi furfura. Takardunmu sun ƙone a rikicin 2001, har da kundin ajamin marigayin.

Abin da ya fi damuna, rannan tana ɓarar gyaɗa ta ce Malam ya baro wata matarsa da 'ya a ƙauye, bai sake waiwayarsu ba. Baffa ya ce in na rubuta wannan, ba ni ba shi. Ina mafita?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ai ta ba ki shekarun, ke ce ba ki karɓa ba. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, har Jos ta iso, kin ga auren 1958 ke nan. An koma tuƙin dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, rasuwar Sardauna Janairun 1966. Jera su a bangon littafinki, duk labarin da ta kawo ki tambaye ta kafin wanne ne, bayan wanne. Amma ki bar maganarta yadda ta faɗa, ki sa shekarar a gefe. "Damina biyu" ta fi 1958 daɗi.

Ki tambaye ta ko a ƙaramin jirgin ƙasan Zariya zuwa Bukuru Malam ya zo, wanda aka rufe a 1957, da kuma ko da son ransa ya taho. Lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, Turawa sun ɗebo dubban mutane aikin tilas a ramukan kuza, sanyin Filato ya kashe da yawa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardin nan.

Maman Biyu, Bukuru:
Ni dai Baffanki nake ji. Ki rufa wa mamaci asiri, Allah Ya rufa naki. Rubutu ba ya gogewa.

Ɗan Dilimi:
Maman Biyu, waccan 'yar fa? Jininsu ce, wataƙila jikokinta na can ba su san suna da dangi a Jos ba. Share ta a littafi yasar da ita ne karo na biyu. Ki rubuta, kada ki yi wa kakanki hukunci, kuma Baffa ya fara karantawa kafin kowa.

Jikar Mai Kuza:
Na gode. Jiya na koma na yi mata tambayar Baba Hedimasta. Ta yi shiru, can ta ce dogarai ne suka taho da shi, kuma kunyar komawa hannu rabbana ce ta zaunar da shi. Ta faɗi sunan ƙauyen, ta faɗi na yarinyar. Baffa bai sani ba tukuna. Wa ya san kuɗin mota daga Jos zuwa Kano yanzu?