Kariya, sassauci ko ragawa? Neman kalma a gashin dajin kai da wuya

Malamai masu fassara da ma'aikatan asibiti, ga wata kalma da nake so mu tsayar da Hausarta, domin ana bukatarta a bakin likita da kuma a takardun da ake raba wa majinyata. A Turancin likitocin daji ana cewa sparing idan ana maganar tsara gashi ta yadda ƙari zai sami cikakken rabonsa, amma lafiyayyun sassan da ke kewaye da shi su sami kaɗan gwargwadon iko. Ita kalmar gashi ba zan tayar da ita ba, tun da ta riga ta zauna a bakin majinyata da masu jinya daga asibitin Shika na Zariya har Sakkwato, duk da cewa na'urar ba wuta take hurawa ba, haske ne mai ratsa jiki wanda ke lalata ƙwayoyin cutar. Roƙona kawai shi ne a rubuce a riƙa cewa gashin daji, saboda a wannan fanni maganar zubewar gashin gemu da na ƙeya tana shigowa, kuma rubutunmu ba ya bambanta kalmomin biyu.

Kafin a zaɓi kalma, ya kamata a san abin da za ta ɗauka. Kai da wuya wuri ne matsattse. Ƙarin da ya fito a bayan hanci, ko a gindin harshe, ko a maƙogwaro, yana zaune ne dab da lakar wuya, da ƙashin muƙamuƙi, da tsokokin haɗiya, da kunnen ciki, da kuma maɓuɓɓugan yawu, musamman manyan nan biyu na gaban kunne waɗanda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ma'aunin gashi shi ne girei. Domin a kashe irin wannan ƙari akan ba shi kimanin girei 70, a rarraba kashi 35, girei 2 kowace rana, kwana 5 a mako, har mako 7. Ita kuwa maɓuɓɓugar yawu ta gaban kunne, da zarar matsakaicin abin da ya same ta ya haura girei 26 ko kusa da haka, aikinta yakan yi rauni ƙwarai, kuma sau da yawa ba ya dawowa yadda yake. Laka ma ba a so abin da zai same ta ya wuce girei 45 zuwa 50. Ke nan ana neman a zuba 70 a wani wuri, alhali maƙwabcinsa da ba su fi tazarar yatsa ba ya tsaya ƙasa da 26.

Wanda bai ga mai bushewar baki ba zai ɗauka ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da daji. Ba ƙarami ba ne ko kaɗan. Mutum ya warke daga cutar, amma tuwo ba ya wucewa sai da ruwa a kowace loma, harshe yana manne wa ganda cikin dare, haƙora suna ruɓewa saboda babu yawun da ke wanke su, ga hunturu, ga azumi. Malamin makaranta da ladan da mai talla, duk wanda bakinsa ne jarinsa, rayuwarsa takan sauya gaba ɗaya.

Dabarar da ta kawo sauyi ita ce wadda ake taƙaita sunanta da IMRT. Maimakon a harbo haske daga ɓangarori biyu ko uku da ƙarfi iri ɗaya, sai na'urar ta harbo shi ta kusurwoyi da yawa, wasu siraran faifan ƙarfe a bakinta suna buɗewa suna rufewa bisa lissafin kwamfuta, majinyacin kuma yana kwance cikin abin rufe fuska na roba da aka ƙera daidai da kansa don kada ya motsa. Kamar mutane ne da yawa suka kewaye abu guda kowa ya haska shi da tocila: inda hasken ya haɗu ya fi ko'ina haske, amma hanyar da kowane haske ya biyo ita ma ta samu. A gwajin PARSPORT da aka yi a Birtaniya kan majinyata 94, wanda aka buga sakamakonsa a 2011, bayan shekara guda kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohon salon gashi suna fama da bushewar baki matsakaiciya ko mai tsanani, yayin da a cikin waɗanda aka yi wa sabon salon kashi 38 ne.

A lura da 38 ɗin nan, domin a kanta hujjata ta tsaya. Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kariya, kuma ita na fi ƙi. Idan likita ya ce wa Bahaushe an kare maka wuri kaza, abin da zai ji shi ne babu abin da zai taɓa wurin. Wannan ba gaskiya ba ne. A wancan gwajin ma maɓuɓɓugar ɓangaren da babu ƙari kaɗai aka yi ƙoƙarin rage wa haske, kuma duk da haka fiye da mutum ɗaya cikin uku bakinsa ya bushe. Hasali ma waɗanda aka yi wa sabon salon sun fi sauran kukan gajiya a lokacin gashin, domin hasken da aka janye daga wani sashe ba ya ɓacewa, wani sashen yake ratsawa. Majinyacin da aka yi wa alkawarin kariya, ya ga bakinsa ya bushe a mako na uku, zai iya cewa an yaudare shi ya daina zuwa, alhali katse gashi a tsakiya yana ba ƙarin damar farfaɗowa. Tsallakewa da kaucewa su ma wannan aibin ne da su.

Sassauci da rangwame sun fi kusa da gaskiya, amma suna da nasu haɗarin ta ɗaya gefen. Gashi mai sassauci zai shiga kunnen mai jinya a matsayin gashi marar ƙarfi, wanda aka rage wa kaifi, har ya nemi a yi wa ɗan'uwansa mai ƙarfin. Ƙarin kuwa ba a sassauta masa komai. 'Yan'uwanmu na Nijar, inda aka buɗe sashen gashin daji a Yamai a 2021, suna iya biyowa ta Faransanci su ce tanadi ko tattali, tun da kalmar da likitocinsu ke amfani da ita tana da ma'anar ajiyar kuɗi. Tattali kalma ce mai kyau, sai dai ba ta nuna cewa akwai wata cutarwa da ake ragewa.

Abin da nake ba da shawara shi ne ragawa. Muna cewa ɗan dambe ya raga wa abokin karawarsa, wato ya buge shi amma bai sake masa dukan ƙarfinsa ba, muna kuma cewa wane ba ya raga wa kowa. Wanda aka raga wa ya taɓu, amma an bar masa abin da zai tashi da shi, kuma wannan shi ne ainihin halin maɓuɓɓugar yawun da ta sami girei 24 maimakon 60, wadda takan farfaɗo a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Fa'ida ta biyu tana cikin ginin kalmar kanta: ba a raga wa iska, dole a faɗi wanda aka raga wa. Saboda haka likita ba zai tsaya a dunƙule ba, zai ce za mu raga wa maɓuɓɓugar yawunka ta hagu, ta dama kuwa ba za mu iya raga mata ba saboda ƙarin ya matso ta. Majinyaci shi ma ya sami abin tambaya, tun da ba kowace na'ura ce ke iya wannan aiki ba, musamman tsofaffin na'urorin kobal: shin na'urarku tana raga wa yawu?

A kan abin da ake raga wa, na fi son lafiyayyun sassa a kan lafiyayyen nama, domin laka da ƙashin muƙamuƙi da jijiyar gani ba nama ba ne a Hausa. Cikakken laƙabin zai zama gashin daji mai raga wa lafiyayyun sassa, a gajarce kuma gashi mai ragawa.

Akwai abu biyu da nake neman ra'ayinku a kai. Na farko, mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram su faɗa mana ko raga wa tana ɗauke da wannan ma'ana a bakinsu ba tare da ƙanshin raini ba, domin a wasu wurare raga wa mutum yana nuna an ga kasawarsa. Na biyu, muna bukatar suna dabam ga maɓuɓɓugan yawu na ƙarƙashin muƙamuƙi, waɗanda su ne ke jiƙa baki lokacin da mutum ba ya cin abinci, kuma raga musu ya fi wuya saboda suna kusa da kaluluwar wuya da cutar kan bi.