Yaran unguwa za a fara ɗauka, ko ƙuri'a za a jefa wa kowa?

Maman Sadiya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin wata firamaren al'umma a nan Tudun Wadar Kaduna. Wani bawan Allah ya ba da fili, unguwa ta yi karo-karo aka gina, kuma ba a karɓar kuɗin makaranta. Da sunanta ya fita, sai ga iyaye daga Rigasa da Kabala West, masu nema suka ninka kujerun aji ɗaya. Dattawa sun ce ɗan unguwa ne farko, tunda iyayensa suka ɗauki bulo a ka. Ni ma can na karkata. Akwai mai tuyar awara a ƙofar makarantar, ɗanta daga ɗakinsu yake jin ƙararrawa, a ce ƙuri'a ta hana shi? Amma ranar rabon fom wata baiwar Allah ta zo daga Rigasa da sassafe, ga goyo, ga 'yarta a hannu, ta ce a makarantar kusa da su a ƙasa yara ke zama. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah yaya ake yi a wasu wurare?

Baban Amira, New York:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan gardamar muna da ita a Amurka kan makarantun da ake kira cata. Gwamnati ke ba da kuɗi, ƙungiya mai zaman kanta ke gudanarwa bisa yarjejeniya, karatu kyauta. Jihar Minnesota ta fara yi musu doka a 1991. Ba jarrabawar shiga, idan masu nema sun fi kujeru yawa sai ƙuri'a. A nan New York doka ta fifita wanda ɗan'uwansa ke makarantar da mazaunin gundumar, kuma an raba birnin gundumomin ilimi 32. Washington kuwa kowane yaron birnin na iya nema ko'ina. A 2012 aka kafa kwamiti ya duba ba 'yan unguwa fifiko, ya ba da shawarar kada a ba su, don yaran gabashin kogin Anacostia, inda talauci ya fi yawa, su ne ke ƙetarawa neman makaranta, kuma su za a rufe wa ƙofa. Saboda haka ki fara duba wa fifikon zai taimaka. Idan unguwarku ta fi ta masu zuwa wadata, ƙara wa mai shi kuka yi.

Malam Shehu, tsohon hedimasta, Kawo:
Hajiya, ba sai mun je Amurka ba. Jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 cancanta suke bi, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimi. Ku ma ku raba kujerun, rabi na unguwa, rabi ƙuri'a ga kowa. Sai dai ku shirya, ranar da kuka ce ɗan unguwa, kowa zai zama ɗan Tudun Wada, da takardar wuta ta gidan kawunsa. Kuma ku jefa ƙuri'ar a fili, sunaye a ƙwarya, liman da mai unguwa na zaune, yaro ƙarami ya zaro. Ba nisa na fi jin tsoro ba, ɗan katin da babban mutum zai aiko da direbansa na fi tsoro.

Umman Khalil, Tudun Nupawa:
Malam, a yi mini afuwa, ban yarda da rabi ba. Yaro ɗan shekara shida daga Rigasa kullum sai ya tsallaka titin baifas da tireloli, ga kuɗin Keke safe da rana. Kafin zango na biyu uwar ta gaji, kujera ta zauna ba kowa, ɗan mai awara yana gida.

Maman Sadiya:
Na gode ƙwarai. Umman Khalil, maganarki tana da nauyi, amma uwar da ta fito da goyo tun duku-duku ta san kuɗin Keke kafin ta zo, ba ni zan yanke mata ba. Shawarar Malam zan kai zaman kwamiti, tare da jerin masu jira, duk kujerar da ta faɗi ta koma ga ɗan unguwa. Baban Amira, a can da me ake tabbatar da adireshin mai haya da ba shi da takarda da sunansa?