Shekara biyu ina tuƙi amma har yau Baba bai saki jiki da hannuna ba

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a kan sitiyari. Shekarata biyu kenan da karɓar lasisi, kuma wallahi ba abin da ke min daɗi irin tuƙi, musamman da sassafe kafin titi ya cika, in sauke gilashi kaɗan iska na shigowa ina jin yadda ƙarar inji ke sauka duk sanda na canza giya, a wannan lokacin duk damuwar da na kwana da ita sai inji ta tafi. Ban taɓa buge kowa ba, ko gogar motar ban taɓa yi ba. Amma duk ranar da za a yi doguwar tafiya sai Baba ya miƙa wa yayana makulli ni kuma in koma kujerar baya. Ran da ya zama dole na ɗauke shi don yaya baya nan, tun daga gida har muka isa hannunsa na kan mariƙin nan na saman ƙofa, kuma ina ganin ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa kamar akwai birki a wajensa. Bai ce min komai ba, da muka sauka yace Allah yayi albarka, amma abin ya tsaya min a rai sosai. Me ya rage inyi? Ni ba yabo nake nema ba, so nake ya zauna gefena hankalinsa kwance.

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Na haura shekara 30 ina jan babbar mota kafin gwiwa ta sa na ajiye, don haka nasan abin da kake ji. Abu na farko, rashin yin hatsari ba shi ne shaida ba, mutane da yawa basu yi hatsari ba ne saboda wasu suna kauce musu. Na biyu, kai da ke riƙe da sitiyari ka san lokacin da za ka taka birki, jikinka ya riga ya shirya, shi kuwa na gefenka sai dai kawai yaji an jefa shi gaba. Shi ya sa tuƙin da kake ji lafiya lau a wajenka, shi wahala yake sha.

Ka riƙe wannan lissafin. Mota in tana gudun kilomita 100 a awa, duk daƙiƙa ɗaya tana cin kusan mita 28, wato kafin ma ƙafarka ta bar totur ta koma kan birki kayi nisa. Kuma in ka ninka gudunka sau biyu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. Don haka ka dinga lura da wani turke ko allo a gefen hanya, in motar gabanka ta wuce shi ka ƙirga daƙiƙa 3 kafin kai ka iso wajen, in ana ruwa ka ƙara. Idan ka bar wannan tazarar za ka ga ba ka bukatar birki sosai, ɗaga ƙafa daga totur ma ya isa, kuma a nan ne daɗin tuƙi na gaske yake, mota na tafiya sumul kamar ruwa a kwari.

Maigidan da ya koya min mota rufe ido yake yi in ina tuƙi, ba barci ba, saurare yake da jikinsa, sai kawai inji yace ka makara a birkin nan, ko yace kwanar nan ka shige ta da giya babba. Kusan shekara uku muna haka. Wata rana da daddare muna cikin tafiya naji shiru yayi yawa, na ɗan waiga sai naga kansa ya jingina da gilashi hularsa ta zame har kan ido, barci yake na gaske. Da ya farka abin da ya ce kawai shi ne ina muke. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce min na iya mota ba, amma ni daren nan ban taɓa manta shi ba.

Maman_Uku:
Allah ya jiƙan maigidanka Baba, labarin nan ya taɓa min zuciya. Ƙanina, ni sai da na kai shekara 41 na koyi mota, lokacin da mijina ya kwanta jinya ya zama ba mai kai shi asibiti. A watannin farko mota ta sha mutuwa a hannuna a kan hawa saboda kuloci, na baya suna ta danna min ham, hannuna na rawa ina ja han birki ina sake tayarwa. Wata ɗiyata ce ta karanta min labarin Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar motarsa a 1886 a Jamus. Mutane basu yarda da ƙirƙirar tasa ba, sai a 1888 ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ba tare da ta gaya masa ba ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim, sama da kilomita 100, ta sayi man da za ta zuba a kantin magani, da birki ya cinye ta sa mai gyaran takalmi ya liƙa masa fata. Naji ƙarfin gwiwa sosai da wannan. Yanzu surukata ma in za ta fita ni take cewa a kira, kuma na lura abin da ya sa ba wani gwaninta ba ne, ina jira ta zauna daram, in taya ta ɗaura bel, ba na tayar da mota sai ta ce mu je. 

Mai_Lura:
Ni dai zan ɗan saɓa da ku kaɗan. Ba lallai matsalar daga hannunka take ba ɗan uwa, wataƙila tsoro ne irin na uba, kuma tsoron yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma hatsarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'anninka. Baka san gawa nawa ya gani a hanya ba kafin a haife ka. Amma tambaya ɗaya tsakaninka da Allah, ranar da ka ɗauke shi ka taɓa waya? Don hukumar dai ta ce mai amfani da waya yana tuƙi haɗarin da yake ciki ya ninka kusan sau 4, kuma dattijo in ya ga idonka ya sauka kan waya sau ɗaya to shikenan duk sauran tuƙin bai gani ba.

Sabon_Hannu:
Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya Mai_Lura ka taɓo wajen, ban ɗaga kira ba amma saƙo ya shigo sau biyu kuma na leƙa, ban ɗauka ya lura ba. Maganar tazara kuma na gwada ƙirgawa kwana uku a jere, ashe ko daƙiƙa biyu bana bari tsakanina da na gaba, shi ya sa nake yawan taka birki ban sani ba.

Jiya na samu Baba nace masa ina so in kai shi unguwa, kuma dan Allah duk inda nayi ba daidai ba ya faɗa min. Ya dube ni ya ɗan yi shiru sannan yace to. Na sa wayar a aljihun gaban mota na rufe yana kallo. Har yanzu ya riƙe mariƙin ƙofar, amma wannan karon yayi magana, yace ina kunna sigina a makare, kuma ina shiga kwana kafin in gama rage gudu. A hanyar dawowa ya fara bani labarin motar da ya fara saya da yadda take ƙin tashi da sanyi, labarin da ban taɓa ji ba. Baba Tsohon_Direba, dan Allah maganar kwana ka ƙara min bayani, a wace giya ya kamata in shige ta in hanyar gangara ce?

Tsohon_Direba:
Ka gama rage gudu tun kana miƙe kafin sitiyari ya fara juyawa, ka sauko giya ta uku ko ta biyu gwargwadon tsananin kwanar, ka saki kuloci gaba ɗaya inji ya riƙe maka motar. Kada ka kuskura ka sauko gangara a firi, wato mota ba ta cikin giya, kuma kada ka ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa don zai yi zafi ya daina kamawa. Ka gaida min Baban naka.