Shawarwarin da aka ba Malam bayan mutuwar kyanwarsa

Jiya bayan la'asar, a majalisarmu ta unguwar Zariya da ke Maraɗi, wani dattijo da ya aje aikin koyarwa ya ce tun da kyanwarsa ta mutu gidan ya yi masa faɗi. Shekara 11 tana kwana bakin ƙofarsa.

Yawancinmu mun ce kada ya yi gaggawar kawo wata, ya bari zuciya ta huce. Da damina gonar gero za ta ɗauke masa hankali. Rani ne abin ji, shi ya sa aka ce ya nemi ɗan fili a Jiratawa, wani gari kusa da Maraɗi, ya yi lambun zogale, daidai ƙarfinsa. Wani ya ƙara, "Malam, duba rumbu, ɓeraye za su dawo." Ni dai roƙona, ya riƙa fitowa majalisa kullum.