CSV kaɗai, ko a bar mu da Excel ɗinmu?

Lawali: Salamu alaikum ƴan uwa. Maganata guda ce, daga wanga wata duk mai aiko farashin kasuwa ya aiko shi CSV, a daina xlsx, wato fishiyen Excel. Jiya na zauna in zuba farashin hatsi da wake na Tasawa da Dakoro da Madarumfa cikin Power BI, manhajar da ke maida lambobi zane, in fid da zanen wata shida, kowane fishiye da nashi fasali, wani ya haɗe kolon ukku ya rubuta take da ja, wani ya dasa jimla tsakiyar layuka har zanen ya nuna kamar tiyar hatsi ta yi tashin gwauron zabi rana guda. CSV rubutu ne zalla, ba launi ba haɗe-haɗe, Power BI da takwararta Tableau da QGIS ta taswira duka suna karanta shi, kuma ba shi da nauyi ko reso ya yi rauni yana wucewa.

Ramatu: Wa alaikumus salam. Yaya Lawali ban yarda ba gaskiya. Injinanmu nan kusan duka da Faransanci aka saita su, kuma a Faransanci birgil ita ce ke raba lamba, 12,5 muke rubutawa ba 12.5 ba, shi ya sa in ka ce ma Excel ya aje CSV sai ya raba kolon da pwan-birgil (;) maimakon birgil (,) da inji na Turanci ke jira. Ka aika ma abokin aiki a Katsina mai inji na Turanci ya buɗe ya tarar komi ya cunkushe cikin kolon guda. To ina sauƙin?

Lawali: Wannan ai wurin shigarwa ake zaɓen alamar rabawa, ƙanwata, minti guda ne.

Ramatu: Minti guda gare ka da ka sani. Yaran da ke zagaya kasuwa suna tambayar farashi fa? Kuma ba nan ta tsaya ba, ka danna CSV sau biyu Excel ya buɗe shi, lambar waya mai 00227 sai sifilin gaba su ɓace, kwanan wata 03/04 mu 3 ga Afrilu muke nufi injin Amurka ya karanta 4 ga Maris, don CSV ba ya riƙe da cewa wanga rubutu ne wancan kwanan wata ne. Xlsx yana riƙewa.

Salisu: Ni ina bayan Lawali. Ku tuna abin da ya faru a Ingila cikin Oktoba 2020, sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya faɗi bai shiga ƙidaya ba saboda fishiyen Excel ya cika, kuma da CSV ɗakunan gwajin suka aiko shi lafiya lau.

Mushe Isuhu: Salisu ɗana, ka faɗi gaskiya amma ka cika ta. Tsohon xls ne suka yi aiki da shi, wanda iyakarshi layi 65,536. Xlsx da ya zo tare da Office 2007 yana ɗaukar layi 1,048,576, mu da muke bin kasuwanni ƙalilan yaushe za mu kai can. Abin da ya fi damuna ni shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya. Na ga lis na garuruwa da aka fitar CSV daga KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, Ɗan Isa ya koma wasu alamomi marasa kan gado, wani ya zo ya gyara da hannu ya rubuta Dan Issa, sai zane ya fito da sanda biyu don gari guda, rabin farashin nan rabin can. Fishiyen lafiyarshi ƙalau, UTF-8 ne, tsarin aje haruffa da ya san baƙaƙenmu, Excel ne bai gane ba da aka danna shi kai tsaye. Da an bi ta wurin shigo da bayanai an zaɓi UTF-8 da ba a yi ɓarnar ba.

Lawali: Ranka ya daɗe kenan laifin Excel ne ba na CSV ba, maganata ta fito.

Mushe Isuhu: Ba ta fito ba tukuna. Wanda ya sa jimla tsakiyar layuka ko ya rubuta "babu" inda lamba ya kamata ta zauna, in ka tilasta mashi CSV haka zai aiko maka da jimlarshi da "babu" ɗinshi. Sauya buhu ba ya fid da tsakuwa daga hatsi. Kuma CSV shafi guda yake ɗauka, mai shafi huɗu in ya aje ukku sun tafi, formil ma sun tafi sai sakamakonsu.

Hadiza: Ku yi mani haƙuri in sako tawa, ni ta taswira ce. Wanda zai aiko iyakokin komin don Allah ya daina aiko fishiyen taswira na .shp shi kaɗai, ba ya buɗuwa sai da .shx da .dbf, in ba .prj kuma inji bai san inda zai aza shi ba. Sunan kolon ma harafi 10 ne iyaka, farashin_hatsi sai ya gutsure ya bar farashin_h. GeoPackage fishiye guda ne kuma QGIS na buɗe shi.

Salisu: Wannan ba gardama Hadiza, amma mu koma kan tamu. Mi ya hana a riƙa cikawa cikin Excel, a fitar da CSV UTF-8 wurin aikawa?

Ramatu: Abin da ya hana shi ne aiki biyu ga mai waya kawai a hannu yana tsaye cikin rana a kasuwa. Ni abin da nike so a yi mana tablo guda na xlsx a kulle kanun kolon, layi guda kasuwa guda kaya guda rana guda, kwanan wata shekara-wata-rana kamar 2024-04-03, sunan gari a zaɓe shi cikin lis ba a rubuta da hannu ba. Mai son CSV ya fitar da kanshi.

Lawali: Kulle ɗin nan ana cire shi, kuma wanda ya kwafo daga wani wuri ya manna ya wuce lis ɗin naki. Ban sauka ba. Amma ki haɗa tablon ki aika ma na Gidan Rumji da Mayahi, ni kuma in ba na Tasawa da Dakoro CSV, ƙarshen wata mu zuba duka huɗun gaban Mushe a ƙirga layin da ya lalace a kowane.

Ramatu: Na yarda, da sharaɗin ba kai za ka gyara naka kafin a zuba ba.